Kibiyar da Ke Tambaya ta Bakwai

Litinin, 3 ga wata, 4:20 na yamma

Na gama duba takardun jarrabawar aji ɗaya B. Arba'in da ɗaya ne. Na ƙirga sau biyu, domin wata ta manne a bayan wata.

Akwai matsala a tambaya ta bakwai, kuma gara in rubuta ta yadda take tun kafin bakuna su sauya ta. Ga zanen: ɗigo a hagu, an sa masa A. Layi ya miƙe zuwa dama, a ƙarshensa kan kibiya, an sa B. Tambayar ita ce, wane irin layi ne wannan, kuma ana iya auna tsawonsa? Maki huɗu.

Abin da na koya wa yara a mako na uku shi ne abin da ke cikin littafi. Idan ɗigo ne nan, ɗigo ne can, guntun layi ke nan, yana da farko yana da ƙarshe, a ɗora rula a auna. Idan kuwa ɗigo ne a gefe ɗaya, kibiya a ɗaya gefen, to yana da mafari amma ba ya tsayawa, babu rular da za ta kai ƙarshensa. Littafi yana da sunansa da Turanci. Ni da yara muna ce masa layi mai tafiya, sun fi riƙe shi haka.

Yara talatin da huɗu sun rubuta layi mai tafiya, ba a iya aunawa. Biyar sun ce guntun layi. Biyu sun bar wurin fayau.

Takardar amsoshi ta ce: guntun layi, ana iya aunawa.

Injiniya ne ya tsara jarrabawar da amsoshinta. Shi ne shugaban sashen lissafi, shi ke koyar da ɗaya A. A gida kuma Kawu nake ce masa, abokin Baba ne tun kafin a haife ni, kuma shi ya kai takarduna ofis da hannunsa har aka ɗauke ni gwajin wata shida. Gwajin zai ƙare da ƙarshen wannan zangon.

Na ba talatin da huɗun makinsu da fensir. Da fensir kawai.

Talata, 4 ga wata, 1:45 na rana

Na nuna wa Malamar kimiyya, tebur ɗaya muke zama. Ta duba zanen, ta duba amsar, ta ci gaba da ɓare lemonta.

"Sabuwa, ki goge ki bi takarda."

Na ce takardar ba daidai ba ce.

"Wa ya tambaye ki daidai? An ce ki duba, ki sa hannu. Ni shekarata tara a nan, na taɓa koyar da cewa jemage tsuntsu ne domin haka aka buga. Ga ni, ko furfura ban yi ba."

Na ce ai yara sun ji wannan, sun tafi da shi.

"Sun tafi da shi ina? Kafin su kai bakin ƙofa sun zubar."

Ta miƙo mini ɓarin lemo. Na karɓa, amma ban goge ba.

Laraba, 5 ga wata, 3:10 na yamma

Na jira kowa ya fita sannan na je teburin Injiniya. Na gaishe shi, na tambayi ƙafarsa, na ajiye takardar. Na ce Malam, ina ga kamar an samu kuskuren bugu a ta bakwai. Da gangan na ce kuskuren bugu, domin in bar masa ƙofa.

Bai bi ta ƙofar ba. Ya ce shi ya zana da hannunsa, kuma abin da ya zana ke nan. Daga A zuwa B. Kibiyar tana nuna inda awo ya tsaya.

Na buɗe littafi. Bai kalla ba.

"'Yata, yaushe kika gama makaranta?"

Na ce wata goma sha ɗaya ke nan.

"To. Ki sa hannu a takardar maki kafin Juma'a. Yaya jikin babanki?"

Na ce da sauƙi. Na ɗauki takardar da littafin na fito baranda.

Alhamis, 6 ga wata, 6:30 na safe

Na duba littattafai uku. Duka uku abu ɗaya suka ce.

Juma'a, 7 ga wata, 2:00 na rana

Kowa ya miƙa takardar makinsa. Ni na miƙa tawa da makin da na yarda da su, ba sa hannu, na liƙa ɗan bayani layi biyar. Sakatariya ta karanta, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Ki tabbata?" Na ce na tabbata. Ƙarya nake, ban tabbata da komai ba in ban da kibiyar.

Asabar, 8 ga wata, 7:40 na dare

Tun da Baba ya kwanta, wata bakwai ke nan, Kawu bai taɓa fashin Asabar ba. Yakan zo da ƙarfe huɗu, ya zauna a kujerar roba da ke gefen gado, ya yi ta ba shi labarin mutanen da suka yi aiki tare, Baba yana amsawa da ido da hannunsa mai motsi.

Mama ta goge kujerar tun uku da rabi. Huɗu ta wuce, babu shi.

Yaya ya dawo daga shagon ɗinki da tef a wuya, ya leƙa ɗakin Baba, ya fito ya same ni ina wanke kofuna.

"Farfesa, me kika yi wa tsohon nan?"

Na zana masa a bayan kwalin sabulu. Ya juya shi sama da ƙasa.

"Yanzu a kan wannan 'yar ƙugiyar? Kawo almakashi in datse ta, kowa ya huta."

Na ce idan wani ya ce ka ɗinka masa wando, ka auna daga ƙugu, amma ƙafar ba ta da ƙarshe, yadi nawa za ka yanka?

"Sai in ce ya je wani shagon." Ya yi dariya, sannan ya daina. "Amma ke ba ki da wani shagon, Farfesa."

Baba ya kalli ƙofa har aka kunna fitila.

Litinin, 10 ga wata, 12:15 na rana

Shugabar makaranta ta kira ni. Minti ashirin da biyu na yi a ofishinta, akwai agogo a bayan kanta. Ba zan rubuta duk abin da aka faɗa ba.

Ta ce ba ta karanci lissafi ba kuma ba ta da niyyar farawa yanzu. Ta ce makaranta tana da shugaban sashe domin irin wannan. Ta ce bayan abin da ya faru bara, ba za ta sake aika wa masu makaranta wata takarda mai ɗauke da sunan Injiniya da kalmar kuskure a shafi ɗaya ba. Ban san abin da ya faru bara ba. Na tambaya, ta gyara zaman fayil ɗin da ke gabanta. Fayil ɗina ne, na ga sunana a kife.

Ta ce, "Takardar tabbatar da ke tana nan, sa hannu kawai take jira. Takardar makinki ma haka."

Na ce ranki ya daɗe, maki huɗu ne na yara talatin da huɗu.

Ta ce, "Kin iya ƙirga, na gani."

Ban yi kuka a ofis ba. Ina so a san wannan.

Litinin ɗin dai, 5:00 na yamma

Ban sa hannu ba.

Talata, 11 ga wata, 1:50 na rana

Yara sun fara tambayar takardunsu, domin 'yan A sun karɓi nasu. Wata mai zama a layin gaba ta ce, "Malama, 'yan A sun ce mun faɗi ta bakwai, wai ke ce ba ki iya ba." Ajin duka suna jiran su ga fuskata.

Na ce ku buɗe littafi ku karanta mini abin da ke ƙarƙashin zane na biyu. Suka karanta tare, da wannan muryar tasu ta waƙa. Na ce to ku rufe, mu ci gaba.

Ban ce komai a kan kowa ba. Na sake bin maganata kalma kalma a hanyar gida, ban sami inda na ambaci sunansa ba.

Laraba, 12 ga wata, 7:05 na safe

Ba na iya cin komai kafin ƙarfe goma. Shayi kawai.

Alhamis, 13 ga wata, 3:30 na yamma

Kawu ne ya kira ni yau. Ya zo da wata doguwar takarda a naɗe, ta yi ja don tsufa, ya baje ta a tebur, ya danne kusurwoyinta da kofi da kwalin alli da wayarsa. Zanen gini ne mai hawa biyu, na lokacin da yake ofishin zane, kafin ya koma koyarwa.

Ya sa yatsa. 'Yar ƙaramar da'ira a bakin bango, layi ya miƙe, kibiya a bakin taga. Wani kuma daga da'irar zuwa bakin ƙofa. Sun fi ashirin.

"Daga nan zuwa nan. Kibiya ta ce tsaya. Shekara goma sha tara ina zana wannan, magina suna karantawa suna ɗora bulo. Ginin nan yana tsaye har yau, je ki gani. Da kibiyata ba ta tsayawa, da tagar nan tana cikin gidan maƙwabta."

Sai a lokacin na gane. Ba mantuwa ya yi ba, ba kuma ido ba ne. Hannunsa ne ya saba. Ni kuwa kwana goma ina zaton taurin kai ne kawai.

Na ce Kawu, a wannan takardar kai ne da gaskiya. Amma dubi, kowane layi da lambarsa a kai, an rubuta tsawonsa. A ta bakwai babu lamba. Kuma yaran nan ba ofishin zane za su ba, littafin nan za a tambaye su a jarrabawar ƙarshe, wanda zai duba kuma bai san ka ba, bai san ni ba.

Ya fara naɗe takardar a hankali.

"Yau ni ake koya wa layi."

Na ce ba koya maka nake ba.

"Na ɗauke ki a kafaɗa kina jan kunnena. Na shiga ofishin matar nan na ce mata ga 'yata, ba ta da hayaniya." Ya sa roba ya ɗaure takardar. "Ashe ban san ki ba."

Na so in ce ni ma ban san kaina ba. Na ce a gaida gida.

Juma'a, 14 ga wata, 2:30 na rana

Malamar kimiyya ta ce yanzu a ɗakin malamai sunana Kibiya. Ta ce in gode Allah, wanda ya riga ni Kwalba ake ce masa har ya bar aiki. Na tambaye ta abin da ya faru bara. Ta ce, "Ke dai tsohon nan saura masa shekara ɗaya da rabi ya huta da mutuncinsa. Abin da zan ce ke nan."

Asabar, 15 ga wata, 6:10 na yamma

Bai zo ba.

Mama ba ta goge kujerar ba yau, ta ɗora mata kayan wanki. Da na shiga juya Baba, ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa, ta yi magana ƙasa ƙasa kamar ba ya ji.

"Ke kaɗai ce mai ilimi a makarantar?"

Na ce a'a.

"To sa hannu ciwo ne? Ki sa, ki samu takardarki, in kin zauna daram sai ki gyara duniya. Mutumin nan ya yi mana abin da dangi ba su yi ba."

Na ce Mama, na sani.

"Ba ki sani ba. Da kin sani da ba ki bar mahaifinki yana kallon ƙofa ba."

Na gyara masa matashi. Ya riƙe mini yatsa da hannunsa mai motsi, ya daɗe bai saki ba. Ban san abin da yake nufi ba, kuma ba zan ƙirƙira masa magana ba.

Litinin, 17 ga wata, 11:40 na safe

Shugaba ta kawo mafita, ta ce ta kwana biyu tana nema mini.

Za a ƙara wa kowane yaro a B maki huɗu, a rubuta su a matsayin makin ƙwazo a aji. Ba wanda zai rasa komai. Takardar amsoshi kuma ba za a taɓa ta ba. Ni in sa hannu, sannan in yi gyara ranar Laraba kamar kowa.

Gyara a makarantar nan haka yake: malami ya tsaya da takardar amsoshi a hannu, ya kwafe ta a allo tambaya bayan tambaya, yara su kwafa da jan biro a littafinsu, shugaban sashe ya bi ya buga hatimi. Abin da ke cikin jan biro shi suke haddacewa.

Na ce a ba ni zuwa gobe.

Gaskiya mafitar tana da kyau. Yara sun sami makinsu. Kawu ya tsira. Ni na samu takardata. Na lissafa ta ta kowane gefe a cikin mota, sai da na wuce inda nake sauka.

Talata, 18 ga wata, 6:45 na safe

Sa hannu a takardar maki zan iya. Makin sun koma hannun masu su, ko da wane suna aka kira su.

Amma in ɗauki alli in rubuta wa yara arba'in da ɗaya cewa wancan layin yana tsayawa, su kwafa da ja, bayan ni na tsaya a gabansu na miƙa hannu ta taga na ce ku bi shi da ido, ya wuce katanga, ya wuce kasuwa, ya wuce inda kuka sani, bai tsaya ba. Wannan fa?

Talata, 2:15 na rana

Na sa hannu a makin. Na gaya wa Shugaba a fili cewa gobe abin da ke littafi zan rubuta a ta bakwai. Ban so ta ji a bakin wani. Ta ce, "Za ki yi tunani kafin gobe." Na ce na yi.

Laraba, 19 ga wata, 4:50 na yamma

Shugaba ta zo da kanta. Ta zauna a benci na ƙarshe kusa da taga, yara biyu suka matsa mata. Kawu kuma ya tsaya a baranda da hatiminsa, ina ganin kafaɗarsa ta ƙofa.

Ɗaya zuwa shida na kwafe su daga takarda, domin daidai suke. Alli ya karye mini sau biyu a ta biyar.

Da na zo ta bakwai na ajiye takardar a tebur. Na zana ɗigo, na ja layi da rula, na sa kibiya. Na rubuta: layi mai tafiya, yana da mafari, ba shi da ƙarshe, ba a auna shi. A ƙasa na zana wani da ɗigo biyu na rubuta: guntun layi, ana auna shi. Sannan na ƙara abin da ban shirya ba. Na ce masu zanen gini suna da tasu ƙa'idar, a wurinsu kibiya tana nuna inda awo ya tsaya, kuma suna rubuta tsawon a kan layin. Na ce aiki ne mai wuya, wanda ya iya shi ya iya abu babba. Amma a wannan littafin, da wannan jarrabawar, kibiya tana nufin ci gaba.

Na ce ku kwafa.

Ba abin da ake ji sai biro. Shugaba ta tashi a ta takwas, ta fita ba ta dube ni ba. Da aka tashi na leƙa baranda, babu kowa. Littattafai arba'in da ɗaya suna kan teburina ba hatimi.

Amma na ci abincin rana, na cinye.

Alhamis, 20 ga wata, 1:30 na rana

Shiru. Malamar kimiyya ta ajiye mini lemo guda cur a kan rajista.

Juma'a, 21 ga wata, 3:00 na yamma

Sakatariya ta kawo ambulan har aji. Layi huɗu ne. Makaranta ta gode, ba za ta tabbatar da ni ba, aikina zai ƙare ranar Juma'a 4 ga wata mai zuwa. Ba a faɗi dalili ba. Na karanta sau uku ko zan ga kalmar bakwai, babu.

Da na koma ɗakin malamai na tarar an dawo da littattafan gyara daga wurin Kawu. Ban san lokacin da aka ɗauke su ba. Na buɗe na farko, akwai hatimi a ƙasan shafin, dab da ta bakwai. Na buɗe duka. Arba'in da ɗaya, duka da hatimi. Bai gyara ko harafi ba.

Teburinsa a kulle, ya tafi tun sha biyu.

Asabar, 22 ga wata, 5:55 na yamma

Kawu ya zo da huɗu da kwata. Ina tsakar gida ina shanya, na gaishe shi, ya amsa wa igiyar shanya. Ya shiga wurin Baba. Mama ta kwashe wankin daga kujera da sauri har ta zubar da rabi.

Na ji muryarsa ta taga yana ba da labarin wani magini da ya karanta zane a kife. Ban shiga ba. Da zai tafi Mama ta raka shi ƙofa, sun daɗe suna magana. Ban tambaya ba.

Yaya ya ce in zo shago in riƙa yi masa awo, wai aƙalla ni ba zan ƙara wa kowa ko rabin inci don kunya ba.

Lahadi, 23 ga wata, 4:30 na yamma

Kwana goma na aiki suka rage. Gobe kusurwa za mu fara: layi mai tafiya guda biyu da suka tashi daga ɗigo ɗaya. Na rubuta darasin har na Alhamis. Idan na matsa, zan kai su ƙarshen babin kafin ranar huɗu, wanda zai gaje ni ya tarar da su a tsaye.

Ina cikin rubutu Mama ta shigo. Tun Juma'a ba ta yi mini magana ba sai ta aike. Ta buɗe akwatina ta fara zaro riguna, tana ɗagawa tana dubawa.

Na ce Mama, me ake nema?

"Guda nawa kike da su masu kyau?"

Na ce huɗu.

Ta haɗa da nata biyu, ta rataya a hannu, ta ɗauki dutsen guga.

"Kwana goma ne. Ba za ki je musu a yamutse ba, su ce ko kin yi nadama."